Gwanintar Auna Abin da Mai Amosanin Gaɓɓai Ya Fahimta

Ɗaliban shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke karatu a Kongo, tun da wuri ake cusa musu wata ƙa'ida: idan lauya ya kira mai ba shi shaida, ba a yarda ya yi masa tambayar da ta zo da amsarta a goye ba. Ba zai ce, "Ai da ƙarfe tara ka gan shi, ko?" ba. Sai dai ya ce, "Yaushe ka gan shi?" Wanda aka sa wa magana a baki bai shaidi komai ba, lauyan ne ya yi shaida da muryar wani. Ba nisa da nan, a Tudun Wada, akwai tsohon mazaunin asibitin koyarwa na jami'ar, wanda babban aikinsa ya koma Shika a 2005. A ɗakunan ganin likita, a Zariya da ko'ina, irin waccan tambaya da kotu ta hana ita ce ake yi kullum. An gama bayani, sai a ce, "Hajiya, kin gane ko?" Ita kuma ta ce, "Na gane, likita, Allah ya saka da alheri." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tarbiyya ce ta amsa, domin a wajenmu ce wa babba "ban gane ba" yana kama da ce masa bai iya bayani ba. Ga kuma layi a waje, ga ɗan acaɓa yana jira.

Akwai ma'aikatan lafiya da suka san wannan tarko, suka kuma ƙware wajen kauce masa. Aikinsu shi ne su auna abin da majinyaci ya fahimta game da cutarsa, awo na gaske mai ƙa'ida, ba kintace ba. Galibinsu nas-nas ne da masu gashin ƙashi da masu harhaɗa magunguna, kuma ba kasafai ake yabonsu ba, don aikin nasu daga nesa hira kawai yake kama. Inda gwanintarsu ta fi fitowa shi ne a kan amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid.

Wannan ba shi ne ciwon gwiwar tsufa ba, wanda guringuntsi ke zaizayewa saboda shekaru da nauyi. A rumatoyid, garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa, sai wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, ya yi ta ciwo. Yakan fara da ƙananan gaɓɓai, yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, kuma dama da hagu tare. Mai shi yakan tashi da asuba hannu a sandare, ya yi rabin sa'a ko sa'a guda ko fiye kafin yatsun su saki. Idan aka bar shi, kumburin yana cin ƙashi, yatsu su karkace, kuma abin da ya karkace ba ya komawa. Yana taɓa huhu da ido, yana kawo ƙarancin jini, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. A Birnin Zazzau, inda mata da yawa ke cin abinci da ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, cutar da ke farawa da yatsu ba jiki kaɗai take taɓawa ba, har da tukunyar gida.

Ba a warkar da shi, amma ana kwantar da shi, har mutum ya yi shekaru yana harkarsa, musamman idan an fara magani a watannin farko. Sai dai kusan duk jinyar a gida ake yin ta, nesa da idon likita, kuma magungunan ba sa yafe kuskure. Babban cikinsu, metotirekset, sau ɗaya ake shan sa a mako. Mai shan miligiram 15 zai haɗiye ƙananan ƙwayoyi shida a rana guda, sannan ya bar shi sai wani makon. Wanda ya ɗauka kullum ake sha, kamar yadda aka saba da sauran magunguna, zai iya samun gyambon baki da durƙushewar ɓargo, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya a ƙasashe da dama. Ana haɗa shi da folik asid, kuma sau da yawa dukansu ƙananan ƙwayoyi ne rawaya, ga wanda bai iya karanta rubutun jikin kwali ba kusan abu ɗaya ne. Ba ya jituwa da Septrin, wanda kowane kemis zai miƙo maka idan ka ce kana tari. Yana illa ga ɗan tayi, ba a kuma shan sa ana shayarwa. Ga shi ba ya nuna aikinsa sai bayan mako shida zuwa goma sha biyu, alhali firednisolon ko daikulofenak suna sauƙaƙa ciwo cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk mai hankalin da ba a yi wa bayani ba zai yanke hukunci cewa mai saurin ne maganin gaskiya, ya riƙe shi, ya watsar da wancan. Nan gaba kuma sai a ga gyambon ciki, ko ƙoda ta taɓu, ko fuska ta kumbura da ƙashi ya yi rauni, yatsun kuwa suna ci gaba da lalacewa a ƙarƙashin sauƙin da ake ji.

An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin baƙuwa a Nijeriya. Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan daga 1965, ya lura da ƙarancinta, har a 1968 ya kawo hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da ke addabar mutane tun suna yara suna iya dakushe irin wannan tawaye na garkuwar jiki. A 1970 ya zo Zariya, ya shekara goma yana cikin waɗanda suka gina sabuwar makarantar likitanci, kafin ya wuce Gambiya. A 1993 wani bincike a Igbo-Ora, a ƙasar Yarbawa, ya duba mutum wajen dubu biyu bai sami tabbataccen mai cutar ko ɗaya ba. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin majinyata 200 daga asibiti guda a Legas. Cutar tana nan. Abin da wannan tarihi ya bari shi ne al'umma da ba ta saba da ita ba: mai ciwon sukari ko hawan jini zai sami maƙwabci da zai ba shi labari, mai rumatoyid kuwa sau da yawa shi kaɗai ne a unguwarsu, ƙwararrun likitocin fannin kuma ba su da yawa a ƙasar. Duk abin da ya sani, daga 'yan mintocin nan na asibiti ya samo shi, ko kuma daga bakin mai tallan magani da lasifika.

Ma'aunin fahimtar mai rumatoyid da aka fi sani ya fito ne daga birnin Lidis na Ingila a 1991, kuma wata nas ce, Jackie Hill, ta jagoranci ƙirƙirarsa. Tambayoyi 16 ne, kowace da amsoshin da za a zaɓa, cikakken maki 30. Sun shafi cutar kanta da gwaje-gwajenta, da magunguna, da motsa jiki, da dabarun kare gaɓɓai da tattalin ƙarfi. Da aka gwada shi a kan majinyata 70, wani ya ci 3, wani ya ci 28. Kashi 52 cikin ɗari ba su san dalilin da ya sa ake ɗibar jininsu ba. Kashi 11 sun ce sanyi da laima ne ke kawo cutar, don kada wani ya ɗauka mu kaɗai ke ɗora wa sanyi laifi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, makin ya bi yawan shekarun da mutum ya yi a makaranta, amma bai bi yawan shekarun da ya yi da cutar ba. Wato mutum zai iya shekara goma yana zuwa asibiti, yana karɓar magani, yana gaisawa da kowa da suna, bai ƙaru da komai ba. Likitan da ya ga tsohon kati mai kauri ya ce a ransa "wannan ai ta san komai", ya yi kuskuren da ma'aunin ya zo gyarawa.

Ƙera irin wannan ma'auni aiki ne mai cin rai, kuma mafi wahalarsa ba rubuta amsar daidai ba ce. Amsar daidai tana cikin littafi. Wahalar tana wajen amsoshin kuskure. Idan aka tambayi me ke kawo cutar, aka jera amsa ɗaya mai ma'ana da uku na shirme, kowa zai ci, ba a kuma auna komai ba. Dole kowace amsar kuskure ta zama abin da mutane suka yarda da shi da gaske, kuma ba a samun waɗannan a ofis. Sai an zauna da majinyata an saurare su tukuna, an ji mai cewa wanka da ruwan sanyi ne, da mai cewa jego ne bai yi kyau ba, da mai cewa jifa ce, da mai cewa mataccen jini ne da ƙaho zai fitar. Daga nan ake tsamo amsoshin. Amfaninsu ya wuce na tarko: wadda ta zaɓi "mataccen jini" ta gaya maka inda za ta je idan ta bar asibiti, wadda ta zaɓi "jifa" ta gaya maka wani wurin daban, kuma maganar da za a yi da kowacensu ba ɗaya ba ce.

Ana kuma ajiye gurbin "ban sani ba", a kuma bayyana tun farko cewa zaɓensa ba abin kunya ba ne. In ba haka ba, mai canke a tambaya mai amsa huɗu zai dace sau ɗaya cikin huɗu, a ba shi makin abin da bai sani ba. Idan tambayoyin na "haka ne ko ba haka ba" ne, sai a gauraya su, wasu gaskiya wasu ba gaskiya ba, domin akwai mutanen da ladabi ke sa su amsa "haka ne" ga duk abin da mai farar riga ya faɗa. Bayan gwaji, tambayar da kowa ya ci a cire ta, wadda kowa ya faɗi a sake duba ta, wataƙila ita ce ba ta fita ba. Sannan a koma ga mutanen nan bayan mako ɗaya ko biyu, ba tare da an koya musu komai a tsakani ba, a sake yi musu tambayoyin. Tiyar da ta auna hatsi yau ta ba da wani abu, gobe ta ba da wani, ba mai saye da ita a kasuwar Tudun Wada. Haka ma takardar da makinta ke tsalle ba dalili. Ma'aunin Lidis ya tsallake wannan gwaji, shi ya sa aka yi ta fassara shi zuwa wasu harsuna.

Kawo irinsa ƙasar Hausa yana da hanyar da masana suka amince da ita, wadda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka tsara a 2000. Mutum biyu su fassara kowa daban, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya wanda bai san fannin ba, don shi ne zai yi magana irin ta mutane. A haɗa nasu, a ba wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da shi harshen farko, kwamiti ya zauna ya ga inda ma'ana ta zame, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40, ana tambayar kowannensu me ya ɗauka ake nufi. An riga an bi irin wannan hanya da Hausa: a 2008 Odole da Akinpelu na Jami'ar Ibadan sun wallafa gwajin da suka yi wa fassarar Hausa ta wani ma'aunin amosanin gwiwa da ƙugu. Amma gwani ya san harshe shi ne ƙaramin aikin. Tambayar da aka tsara don wadda ke girki a tsaye ba ta da abin cewa ga wadda ke tuƙa tuwo a tsugune. Kare gaɓɓai a gidan Bahaushe yana nufin a san cewa matse wanki da murɗa shi yana tura yatsu daidai inda cutar ke son karkatar da su, cewa tukunya ana ɗaga ta da tafin hannu biyu ba da yatsu ba, cewa daka za a iya raba shi ko a kai inji, cewa mai ɗinki ta riƙa ajiye allura tana miƙe yatsu kafin su gaji ba bayan sun gaji ba. Akwai kuma salla. Mai gwiwa da wuyan hannu a kumbure tana bukatar sanin cewa addini ya ba ta damar yin salla a zaune, cewa ruwan ɗumi yana yin alwala, da kuma yadda za ta tsara shan magani da azumi bayan ta yi shawara da likita. Takardar da ba ta tambayi waɗannan ba ta auna rayuwar wasu ne, ba ta mutanen Kofar Doka ko Tudun Jukun ba.

Zariya kuwa tana da tarihin irin wannan saurare. A shekarun 1970, Eldryd Parry, farfesan likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello, da Neil Davidson sun bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka wallafa bayanin mata 224 a 1978. Ba a na'ura kaɗai suka tsaya ba, sun tambayi abin da matan ke yi a gida, suka tarar da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da kunun kanwa, dukansu don tsoron kada sanyi ya shiga jiki. A shekarar 1978 ɗin dai, Arthur Kleinman da abokan aikinsa a Amurka suka ba likitoci shawarar su riƙa tambayar majinyaci yadda shi yake ganin cutarsa: me yake ganin ya kawo ta, me ya sa ta zo yanzu, me ya fi tsoro game da ita, wane magani yake ganin ya dace. Sai Murray Last, wanda ya zauna a karkarar Malumfashi, ya ƙara wani gargaɗi a 1981: mutane da yawa ba su da wani tsararren bayani game da cutarsu, ba su kuma damu da su samu ba, suna gwada wannan su gwada wancan ne kawai, kuma mai tambaya da ya matsa zai iya sa su ƙirƙiro masa bayanin da babu shi a ransu. Wannan gargaɗi yana da nauyi. Mai awo na ƙwarai yana rubuta "ba ta da ra'ayi a kai" idan haka abin yake, ba ya cika gurbi don takarda ta yi kyau.

Batun sanyi kuwa, gwanaye ba sa yaƙi da shi kai tsaye, kuma ina ganin sun yi daidai. Matar da ta ce ciwonta yana tashi da hunturu ba tatsuniya take yi ba, masu amosani da yawa a duniya haka suke faɗa. Kuskuren yana wajen ɗaukar abin da ke tsananta ciwo a matsayin abin da ya haifar da shi. Don haka tambaya mai kyau takan raba biyun: me ke sa ki fi jin ciwon, sannan me ya kawo cutar tun asali. Wadda ta amsa ta farko da "sanyi" ta ci. Wadda ta amsa ta biyu da "sanyi" ita ce za ta ajiye magani da zarar bazara ta shigo.

Takarda dai takarda ce, sai an ga mai riƙe da ita. Galibin majinyatan da ake magana a kansu karanta musu za a yi, ko don ba su yi boko ba, ko don yatsun ba sa riƙe biro. Nan ne gwanar nas take bambanta. Tana karanta kowace amsa da murya ɗaya, ba ta jan daidai ɗin ba ta kuma saurin wuce na kuskure, ba ta ɗaga gira, ba ta cewa "madalla" a tsakiya, don majinyaci fuskarta yake karantawa fiye da tambayar. Tana lura da wanda ya rako. A ce wata dattijuwa ce ta zo da ɗanta ɗalibi a Kongo, duk tambayar da aka yi sai ya riga ta amsawa. Nas ɗin ba za ta kore shi ba, don shi ne mai sayo maganin. Sai ta ce, "Malam, bari Inna ta fara, in ta gama kai ma ina da naka." Kuma da gaske tana da nasa, domin a gidaje da yawa fahimtar mai sayen magani da mai miƙa shi ita ce ke aiki.

Sannan ta ɗauke nauyin daga kan majinyaciya ta ɗora wa kanta. Ba ta cewa za ta yi mata jarrabawa. Cewa take, "Inna, na yi muku surutu da yawa, ina tsoron ko na cakuɗa. In kun koma gida Baba ya ce me aka ce a asibiti, me za ku ce masa?" Yanzu idan an sami giɓi, na mai bayani ne, ba wanda ya ji kunya. Daga nan ta ce a zazzage ledar magani a kan tebur, dukanta, har da wanda aka sayo a kemis da ƙullin sassaƙe idan an zo da shi. "Ku nuna mini wanda kuke sha sau ɗaya a mako. Wace rana? Guda nawa? Wannan ɗin fa, na mene ne?" Hannun da ya yi jinkiri tsakanin ƙwayoyi biyu rawaya ya ba da amsar da baki ba zai bayar ba. Sai tambayoyin "in da": in kun ji sauƙi sarai wata biyu a jere, me za ku yi da maganin? In zazzaɓi ya zo da gyambon baki fa? In Juma'a ce ranar maganin, ta wuce kun manta, ranar Asabar sai a ninka? Irin waɗannan sun fi "mene ne sunan cutarku" amfani nesa ba kusa ba, domin suna auna abin da mutum zai aikata ranar da ba kowa kusa da shi.

Tambayar ciki ita ce ta fi bukatar dabara. Ba a yi wa matar aure ita a gaban surukarta ko ƙanen mijinta, kuma ko su biyu ne, "kina da ciki?" ba ta cika samun amsa ba a watannin farko, don al'ada ba ta son a faɗa. Gwanar takan samo dalilin da zai sa 'yan rakiya su fita, ta ce za ta duba gwiwa, sannan ta tambaya a kaikaice: idan mace mai shan wannan magani tana son ƙarin haihuwa, me ya kamata ta fara yi? Wadda ta ce "sai ta gaya wa likita tukuna a canza mata" ta san abin da zai kare ta, kuma akwai magungunan da ake iya komawa kansu, irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin. Wadda ta yi shiru ta sunkuyar da kai, wataƙila maganar ta riga ta shafe ta, kuma zaman ya tashi daga awo ya koma wani abu mafi gaggawa. Sanin lokacin da za a ajiye takarda yana cikin gwanintar.

Idan aka zo haɗa maki, sabon hannu yakan tsaya a jimla: ta ci 22 cikin 30, ta yi ƙoƙari. Gwani ba jimla yake fara dubawa ba, yana neman inda takwas ɗin suka zube. Wadda ta ci 22 amma ta ce metotirekset kullum ake sha tana cikin haɗarin da wadda ta ci 12 ta kuma san ranar maganinta ba ta ciki. Rashin sanin sunan gwajin jini ba ya kashe kowa. Rashin sanin cewa firednisolon da aka daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya, wannan yana iya kai mutum gadon asibiti. Shi ya sa wasu tambayoyin ake ware su: duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikinsu ba ya fita ɗakin sai an gyara, an kuma sake tambayarsa ya faɗa da bakinsa. Sauran a bar su zuwa wani zuwan, abu biyu ko uku a kowane zama, domin wanda aka ɗura wa abu goma da ɗaya ko biyu yake isa gida. Idan kuma aka tara takardun mutum hamsin aka ga arba'in sun faɗi tambaya ɗaya, to ba majinyatan aka auna ba, asibitin aka auna. Wannan ne ɓangaren da ba kowane ma'aikaci ke son ji ba.

Kada kuma a ɗora wa awon abin da ba zai iya ba. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2003, wanda ya tattara gwaje-gwajen ilmantar da masu rumatoyid, ya nuna cewa amfanin da ake samu ƙarami ne kuma yana dusashewa bayan wasu watanni. Ƙungiyar likitocin amosani ta Turai, a shawarwarinta na 2015, ta ce ilmantarwa ta zama cikin jinya tun daga farko har ƙarshe, a kuma gina ta a kan bukatar kowane mutum, ba lacca ɗaya ga kowa ba. Ma'ana awon ba na rana ɗaya ba ne: ana maimaita shi idan an canza magani, idan an yi aure ko an haihu, idan cutar ta tashi bayan ta kwanta, ko idan mai kula da majinyaci a gida ya canza.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin sani. A Nijeriya galibin mutane daga aljihunsu suke biyan magani da gwaji. Mace za ta iya cin 30 cikin 30, ta san gwajin jini na duba hanta da ɓargo ne, ta san metotirekset ne ke hana yatsu karkacewa, amma kuɗin mota zuwa Shika da kuɗin gwaji da na magani su taru su fi abin da ɗinkin wata ya kawo. Irin wannan idan aka ga ta daina sha aka sake zaunar da ita ana mata bayani, an ɓata lokacinta, an kuma ci mata fuska. Don haka gwanar takan rufe da tambayoyin da ba su da maki: na wata nawa kuka iya saye wancan karon, kuma yaushe ya ƙare? Idan amsar ta nuna matsalar ta aljihu ce, sai ta rubuta hakan a kati da babban baƙi, ta koma wurin likita a duba wane magani ne ba a taɓawa ko da za a rage sauran, wane gwaji za a iya haɗa shi da ranar zuwa asibiti don a rage zirga-zirga, da kuma ko akwai wani cikin dangi da ya kamata a kira a yi maganar da shi.